Koren Wake a Girkin Sallah: A Soya, A Dafa a Jajjage, A Kwaɗa, Ko A Gasa?

Shinkafa da nama ba su cika ɗaure wa uwargida kai a girkin Sallah ba, domin ta gaji yadda ake yin su tun daga gidan iyayenta. Inda shawara take tsayawa shi ne abin da za a ɗora a gefen faranti, wanda zai rage nauyin maiƙo kuma ya ƙawata abincin a idon baƙi. A Kaduna mutane da yawa sun koma ga koren wake, wanda masu kayan lambu a Bakin Dogo da Kasuwar Tasha da Babbar Kasuwa suke kira girin bins. Akasarinmu mun fara saninsa ne a yanke ƙanana cikin soyayyar shinkafa, inda yake ɓacewa tsakanin karas da albasa, amma yana iya tsayawa da kansa a kwano guda, kuma akwai hanyoyi huɗu na yin hakan waɗanda suka cancanci a auna su.

Ya kamata a fara sanin cewa wannan ba ɗanyen waken da muke nomawa a gonakinmu ba ne. Wakenmu na ƙosai da alale ɗan asalin Afirka ne, shi kuwa wannan asalinsa nahiyar Amurka, kuma ana cin kwanson ne tun yana ɗanye kafin ƙwayar ta ƙosa. Ya fi son wuri mai sanyi, shi ya sa mafi yawan wanda ake gani a kasuwanninmu daga yankin Jos ake kawo shi, ma'ana ya riga ya sha tafiya kafin ya iso hannun mai saye.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin waken kaɗai ba, har da mai da kayan miya da gas ko gawayin da za a ƙona. Na biyu shi ne jure ajiya, kuma a ganina shi ne uban sauran. Abincin Sallah ba irin na sauran ranaku ba ne da ake saukewa a ci nan take. Ana gama shi tun kafin a sauko daga Idi, a zuba wani a kula a aika wa maƙwabta da surukai, a ajiye wani domin baƙin da za su riƙa shigowa daga hantsi har bayan isha'i. Girkin da ya yi kyau a kasko amma ya mutu cikin sa'a ɗaya a kula bai biya buƙatar irin wannan rana ba. Na uku shi ne sauƙi, wato yawan hannu da murhun da zai ci a lokacin da kowane murhu yake da tukunya a kai. Na huɗu shi ne haɗari, wanda ya kasu biyu: haɗarin girkin ya ɓaci a hannun mai yi, da haɗarin ya lalace ya ɓata wa mutane ciki. Sai kuma karɓuwa, domin abin da 'yan mata za su yaba ba lallai ne Hajiya Babba ta kai hannu kansa ba.

Lokacin da bikin ya faɗo ma yana shiga lissafi. Watannin Musulunci suna ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana zuwa ne a Maris, daidai lokacin da zafin Kaduna yake kan ganiyarsa amma tumatir yake da yawa a kasuwa. Babbar Sallah kuwa tana faɗowa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da damina ta fara kuma tumatir yake tsada. Masu bikin Kirsimeti sun yi dace ta fuska biyu, ga sanyin hunturu ga kuma kayan lambun rani sun fara shigowa.

Saye da sulalawa

Duk hanyar da za a bi, ingancin waken ne yake yanke rabin hukunci. A ɗauki guda a karya: sabo yana karyewa ƙaras, tsoho yana lanƙwasawa kamar igiya. A guji wanda ƙwayarsa ta kumbura har ana ganin ta ta waje, domin kwansonsa ya yi zare, babu dahuwar da za ta gyara shi. Kilo ɗaya yana isar mutum 8 zuwa 10 idan abincin gefe ne. Yana iya yin kwana huɗu ko biyar a ɓangaren kayan lambu na firij idan ba a wanke shi ba, amma sanyi mai tsanani yana sa masa tabo, don haka kada a manna shi da wurin ƙanƙara. Wadda ba ta da tabbacin wuta ta saya ana gobe Sallah, ta baza shi a tire a wuri mai iska, kada ta bar shi ƙulle a leda.

Hanyoyi biyu daga cikin huɗun suna farawa ne da sulalawa. A wanke shi sosai kafin a yanka, a cire kai, a tafasa ruwa mai yawa da gishiri, a zuba waken ya yi minti 3 zuwa 4 ba tare da an rufe tukunya ba, a tsame a jefa cikin ruwa mai sanyi ƙwarai, sannan a tsane shi a gwagwa. Ruwan sanyin shi ne yake tsayar da dahuwa ya kuma riƙe launin. Ana iya yin wannan aiki da daren jajibere idan akwai firij, kuma wannan kaɗai yana rage rabin wahalar safiya.

A nan zan roƙi uwargida ta ajiye kanwa. Mun saba da ita a miyar kuka da kuɓewa da dahuwar wake, kuma gaskiya ne tana sa koren ya ƙara fitowa, amma tana narkar da kwanson ya koma kamar an dama, tana kuma lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin C. Haka kuma kada a ci shi ɗanye ƙarau a salak, domin yana ɗauke da wani sinadari da ake kira lektin wanda yake iya jawo tashin zuciya da murɗar ciki idan an ci da yawa, kuma zafin dahuwa ne yake kashe shi.

Suyar sama-sama

Ita ce hanyar da ta fi fito da ainihin ɗanɗanon waken. Bayan an sulala, a ɗora kasko mai faɗi da cokali 3 na man gyaɗa ko bota ga kilo ɗaya, a soya albasa har ta yi laushi, a sa tafarnuwa da ɗan attaruhu da masoro, a zuba waken a juya minti 3 a wuta mai ƙarfi, a sa gishiri da dunƙule, a sauke. Wanda ya ɗanɗana man shanu a wannan suyar zai yi wuya ya koma ga bota.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta arha, domin bayan waken babu abin da ake buƙata wanda babu shi a kicin, kuma wutar da take ci ba ta wuce ta minti 10 ba. Ta fuskar sauƙi ma haka ne, sai dai tana son a tsaya a kanta, kuma kaskon da aka cika shi maƙil ba ya suya, turara yake yi, saboda haka kilo biyu sai an raba shi kashi uku ko huɗu.

Rauninta yana wurin ajiya, kuma da kaina na koyi wannan. Wata Ƙaramar Sallah na soya shi ya yi kore shar, na zuba da zafinsa a kula na rufe, na aika gidan surukaina a Unguwar Rimi. Da na je gaisuwa da la'asar na tarar da ragowar ya koma launin ganyen da ya kwana, ya yi laƙwas, ruwa ya taru a ƙasa. Ba wanda ya yi mini magana, amma abin ya dame ni har na bincika dalili. Tururin da aka rufe yana ci gaba da dafa waken, kuma tsawon zafi yana sauya sinadarin da yake ba shi launin kore. Idan dole ne a aika da shi, a bari ya huce a buɗe sannan a zuba a kwano daban, ba a kan shinkafa mai zafi ba. Ko da an yi haka, bayan sa'a biyu ya rasa abin da ya sa aka zaɓe shi.

Dahuwa cikin jajjage

Wannan ita ce hanyar da nake ganin an fi raina ta alhali ita ta fi dacewa da yadda muke yin Sallah. Mutanen Lebanon da Turkiyya sun daɗe suna dafa koren wake a tumatir da albasa da man zaitun har ya yi laushi, suna ci da burodi ko shinkafa, da zafi ko bayan ya huce. Namu salon bai yi nisa da nasu ba, illa dai muna ƙara tattasai da attaruhu da citta.

Ba a buƙatar sulalawa a nan. A soya albasa manya guda 2 a man gyaɗa kimanin ludayi ɗaya, a zuba jajjagen tumatir 5 da tattasai 3 da attaruhu gwargwadon buƙata, a soya har mai ya taso, sannan a zuba waken da aka yanka tsawon yatsa, a ƙara romon nama kofi ɗaya, a rufe, a rage wuta, a bar shi minti 25 zuwa 35. Tsamin tumatir yana jinkirta laushin kayan lambu, shi ya sa yake ɗaukar wannan lokaci ba tare da ya narke ba, kuma shi ya sa yake jure ɗumamawa. A Babbar Sallah, lokacin da hanta da ƙoda suke fara shiga tukunya kafin a kai ga suyar sauran naman layya, a yanka su ƙanana a soya daban a zuba a minti 10 na ƙarshe. Abin da zai fito ya wuce abincin gefe, ya zama miya mai zaman kanta wadda za ta bi farar shinkafa ko sinasir ko waina ko funkaso.

Kuɗinta ya dogara da kasuwar tumatir. A Maris ba ta fi suyar sama-sama tsada da yawa ba, amma a farkon damina kayan miyan suna iya fin waken kansa tsada. Maganin wannan shi ne a rage ɗanyen tumatir a cike da na gwangwani ko busasshe da aka jiƙa aka niƙa, a ƙara albasa domin ta kashe tsamin. Lokacin da take ɗauka a wuta ya ninka na suya sau huɗu zuwa biyar, sai dai wuta ce ƙarama, kuma ragowar garwashin da aka sauke shinkafa a kai ya isa.

Wajen jure ajiya babu mai kama ƙafarta. Launin ya riga ya sauya tun a tukunya, don haka babu abin da kula za ta ɓata, kuma ɗanɗanon yana ƙara zama ne idan ya jima. Amma jurewar ɗanɗano daban, lafiyar abinci daban. Ka'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa ita ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, kuma idan zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, wanda ba baƙon abu ba ne a Kaduna a Maris da Afrilu, sa'a ɗaya ce. Amfanin wannan girki shi ne ana iya barin tukunyar a gefen garwashi tana riƙe da zafinta, ko a mayar da ita wuta ta tafaso sosai kafin a zuba wa sababbin baƙi, abin da ba za a iya yi wa sauran ukun ba tare da an kashe su ba. Aibinta guda shi ne ido: ba ta da wannan koren da ke haska faranti, kuma idan dafa-duka aka yi, ja ne a kan ja.

Salak da kwaɗo

Na haɗa su wuri ɗaya ne domin dukansu sanyi ake cin su, amma bambancin da ke tsakaninsu babba ne. Salak ɗin da aka saba shi ne sulalallen wake da karas da kabeji da dafaffen ƙwai da bama ko kirim ɗin salak. Yana da kyan gani, yara da matasa suna son sa, kuma ba ya cin murhu da safe idan an sulala da dare. Shi ne kuma ya fi tsada, saboda ƙwai da bama, kuma shi ne ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Yankakken ganye da ƙwai da danshi a cikin zafin Sallah wuri ne da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, ba a kuma iya ɗumama shi a kashe su. Wadda ta zaɓe shi ta ajiye kowane kayan haɗi daban a firij, ta riƙa haɗa ɗan abin da za a cinye a zama ɗaya, kuma kada ta saka shi cikin abincin rabo ko kaɗan. Idan aka ɗauke wuta tun asuba, gara a fasa.

Kwaɗo kuwa hanya ce da na fara gwadawa a shekarar da bama ta yi mini tsada, kuma tun daga nan ban bar ta ba. Yadda ake kwaɗon zogale ko rama haka ake yin sa: a sulala waken ya ɗan fi na suya laushi, minti 5 ke nan, a yanka ƙanana, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da yaji da ɗan man gyaɗa da gishiri. Yana da arha, ba ya buƙatar koyo, kuma shi ne wanda tsofaffin gida suke karɓa ba tare da sun tambayi menene wannan ba. Kusa da soyayyen naman layya yana yin aikin da babu wani daga cikin sauran da yake yi, domin yana yanke maiƙo. Ya fi salak ɗin bama jurewa da ɗan kaɗan, amma ɗanyen tumatir da albasa suna sakin ruwa, ƙuli-ƙulin ya jiƙe ya yi nauyi, saboda haka shi ma a haɗa shi dab da ci. Idan za a matsa lemun tsami, a bari sai an kawo gaban masu ci, domin tsami yana dusar da koren cikin ɗan lokaci. A kuma tuna cewa akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, musamman cikin yaran baƙi.

Gashi a obin

Gashin yana da salo biyu. Na farko shi ne a shafe ɗanyen waken da mai da gishiri da tafarnuwa, a baza a tire ba tare da ya hau kan juna ba, a gasa a digiri 200 zuwa 220 na minti 15 zuwa 20. Yana fitowa da ɗan ƙuna a gefe da zaƙi mai daɗi, amma yana motsewa ƙwarai, kilo ɗaya ya koma kamar rabi, kuma da zarar ya huce ya yi tauri. Na biyu shi ne wanda ake yawan gani a intanet, na mutanen Amurka, wanda Dorcas Reilly ta haɗa a kicin ɗin kamfanin Campbell a 1955, ya zama abincin bikin godiyarsu na watan Nuwamba. Ana haɗa waken da miyar gwangwani ta lemar kwaɗi da madara, a rufe da soyayyar albasa a gasa. An tsara shi ne domin ƙasa mai sanyi da gidan da ke da obin da wutar da ba ta yankewa. A nan sai an nemi miyar a manyan kantuna ko a haɗa madadinta da bota da fulawa da madara, ga cin gas, ga madara da ba ta son zafi, ga ɗanɗanon da bai da yaji wanda ba kowane baƙo ne zai gama abin da aka zuba masa ba. Ban hana mai sha'awa gwadawa ba, amma ba ranar Sallah ake gwajin farko ba.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci a wuta | Jure ajiya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Suyar sama-sama | Arha | Kimanin minti 10 | Kaɗan, ba ta son kula | Sauƙi, amma a tsaya a kai | Dusashewa da laushi |
| Jajjage | Matsakaici, ya bi farashin tumatir | Minti 40 zuwa 50 | Mafi jurewa, ana ɗumamawa | Sauƙi ƙwarai | Kamu a gindin tukunya |
| Salak da bama | Tsada | Minti 4, da dahuwar ƙwai | Babu, sai da firij | Yawan yanka | Ɓacin ciki |
| Kwaɗo | Arha | Minti 5 | Kaɗan | Sauƙi | Sakin ruwa, rashin karɓar gyaɗa |
| Gashi | Matsakaici zuwa tsada | Minti 15 zuwa 35 | Kaɗan | Sai da obin | Bushewa, lalacewar madara |

Game da na gwangwani da daskararre magana kaɗan ce. Na gwangwani ya riga ya dahu har ya wuce, ga gishiri, don haka jajjage kaɗai zai iya ɗaukarsa, shi ma a minti 5 na ƙarshe bayan an ɗauraye shi. Daskararre an riga an sulala shi a masana'anta, yana yin suya da jajjage, amma idan aka ga ya dunƙule da ƙanƙara a cikin leda to ya taɓa narkewa ya sake daskarewa, a bar musu abinsu.

Wace hanya ga wane gida

Babban gida mai rabon abinci, inda kuloli suke fita zuwa Tudun Wada da Kawo da Rigasa kuma baƙi ba sa yankewa, jajjage ne nasa, kuma da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak ga kowa da kowa shi zan zaɓa. Ƙaramin iyali da zai zauna ya ci tare bayan saukowa daga Idi ya sulala da dare ya soya da safe, musamman idan dafa-duka ce ko soyayyar kaza a faranti, inda ake buƙatar koren ya fito. Amaryar da take karɓar dangin miji a Sallarta ta farko za ta iya haɗa biyun ba tare da ƙarin wahala ba: tukunyar jajjage a gefen wuta domin duk wanda ya shigo, da ɗan sulalallen wake a ajiye wanda za ta soya cikin minti biyar idan manyan baƙi sun zauna.

A Babbar Sallah, ranar suya da kashegarinta, lokacin da nama ya ishi kowa kuma tumatir ya yi tsada, kwaɗo ya fi dacewa da aljihu da kuma ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini a gida ma suya da ɗan mai kaɗan ko kwaɗo marar yawan gishiri da dunƙule ya fi masa, domin waken kansa ba shi da nauyi, kimanin kalori 31 ne a giram 100, abin da aka zuba masa ne yake ƙara nauyin. Salak ɗin bama ya dace da gidan da ke da tsayayyen firij da baƙin da aka san sa'ar zuwansu, ko kuma bikin Disamba lokacin da hunturu ya sauko. Gashi kuwa na wadda obin ɗinta zai riga ya kasance a kunne ne domin kaji ko kek, sai ta tura tiren waken a minti 20 na ƙarshe ta fitar da su tare.